Inda Ake Renon Kiristal: Tafiyar Bakatsine Zuwa Berlin da Freiberg

Daga filin jirgin sama na Berlin zuwa unguwar Adlershof babu nisa, tashoshi kaɗan ne a jirgin ƙasa. Ɗan ƙanwata da ke karatun kimiyyar lissafi da sinadarai a can shi ya tarbe ni, ya karɓi jakata, ya ce, "Kawu, sannu da hanya. Ka zo a kan gaɓa, gobe ake buɗe ƙofofi." Watan Yuni ne, lokacin da rana kan kai ƙarfe tara da rabi ba ta faɗi ba, mutum ya yi ta duban agogo yana jiran Magariba.

Adlershof tana kudu maso gabashin birnin. A gefenta aka buɗe filin tashin jiragen sama na Johannisthal a 1909, kuma zamanin da Jamus take rabe biyu nan ne matattarar cibiyoyin binciken kimiyya na Jamus ta Gabas. Angela Merkel ta yi aiki a ɗaya daga cikinsu tun daga 1978 har zuwa 1990, kafin siyasa ta ɗauke ta. Da aka haɗe ƙasar, ba a bar wurin ya zama kufai ba. An tattara masanan da suka saura, an kawo sassan kimiyya na Jami'ar Humboldt, kamfanoni suka biyo baya. Titunan ma sunayen masana suke ɗauke da su: Newton, Einstein, Max Born. Yaron da ya tashi a unguwar kafin ya iya karatu sosai ya san wa ake girmamawa a garinsu.

Buɗe ƙofofin da ɗan ƙanwar tawa yake nufi al'ada ce ta shekara-shekara da aka fara a 2001, wadda suke kira dogon daren kimiyya. Daga yamma har tsakar dare jami'o'i da cibiyoyin bincike sukan bar kowa ya shiga, ya gani, ya yi tambaya. Na ga tsofaffi da sanduna, na ga iyaye da goyo, na ga yara 'yan firamare sun kafa wa farfesa tambayoyi shi kuwa ya durƙusa daidai tsayinsu yana amsawa. Mu kuwa kai tsaye muka nufi Titin Max Born, inda Cibiyar Leibniz ta Renon Kiristal take. An kafa ta a 1992, kuma babban aikinta ke nan: narka abu, a tsarkake shi, a mayar da shi dunƙule ɗaya wanda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru ba karkata tun daga kai har gindi.

Wannan jeri shi ne kiristal. Gishirin da muke sa wa miya kiristal ne, haka alif da ake zubawa a randa ruwa ya kwanta. Bambancin shi ne waɗannan ƙananan gutsattsari ne masu yawa, kowanne ya fuskanci inda ya ga dama. Wanda ake renonsa a Adlershof guda ne tak, wani tsawonsa ya kai hannun mutum. A cikin akwatunan gilashi na ga na silikon, launin toka mai duhu, sumul, yana ɗaukar ido. Kusa da shi na jamaniyam, ya fi shi haske, ya kuma fi shi nauyi fiye da ninki biyu. Yana da siririn wuya a sama, sai kafaɗu da suka buɗe a hankali, sai gangar jiki, sai wutsiya mai tsini. A jikinsa akwai siraran zobba, alamar kowane ɗan sauyin zafi da ya samu yana girma. Gaban wannan na jamaniyam na fi daɗewa, domin shi ne zuciyar na'urar da ta fi kowace iya tantance tururin nukiliya.

Ga yadda take aiki. Abubuwa irin su yuraniyam da toriyam da kobalt mai lamba 60 suna fitar da wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa gamma. Kowane sinadari da ƙarfin nasa hasken, ba ya canzawa: siziyam mai lamba 137 yana fitar da 662 a ma'aunin da masana ke amfani da shi, fotasiyam mai lamba 40 yana fitar da 1461, kobalt 60 kuma 1173 da 1332. Idan hasken ya faɗa cikin kiristal, sai ya fizge ƙwayoyin lantarki daga mazauninsu. Ɗigon hasken siziyam guda ɗaya kan fizge fiye da 200,000. Ana ɗora wa kiristal ɗin wuta mai ƙarfin dubban bolt, ta ja waɗannan ƙwayoyi zuwa gefe, a ƙirga su. Yawansu shi zai faɗi ƙarfin hasken, ƙarfin hasken kuma ya faɗi sunan sinadarin. Don kada zafin ɗaki kawai ya riƙa motsa ƙwayoyin ya ɓata lissafi, dole a sanyaya jamaniyam da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

Dukkan wannan ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: ƙwayoyin da aka fizge su iso gefe ba tare da an tare su a hanya ba. Duk baƙuwar ƙwayar zarra da ta laɓe a cikin jerin, duk gurbin da aka bari babu kowa, duk inda jeri ya goce, tarko ne. In tarko ya riƙe wasu, ƙirga ya gaza, na'ura ta faɗi abin da ba shi ba ne. Shi ya sa tsarkin da ake nema ya wuce hankali. A cikin jamaniyam mai girman santimita ɗaya ta kowace fuska, baƙin ƙwayoyi masu tasiri ba za su wuce kimanin biliyan goma ba. Adadin kamar da yawa, amma idan aka raba, baƙuwa ɗaya ce a cikin ƙwayoyin jamaniyam wajen tiriliyan huɗu. Yana cikin abubuwa mafi tsarki da ɗan Adam ya taɓa haɗawa da hannunsa.

Wata ma'aikaciya mai furfura, sanye da farar riga da safar hannu, ta nuna mana matakin farko. Doguwar sandar jamaniyam ce kwance a cikin wani kasko mai siffar kwalekwale, a cikin bututun gilashi mai jure zafi, iskar haidirojin tana ratsawa. Zoben wuta yana narka ɗan yanki kaɗan na sandar, yana tafiya a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Yawancin datti ya fi son zama a cikin narkakke, don haka sai ya bi yankin da ya narke har wutsiya, a yanke wutsiyar a ajiye gefe. A sake, a kuma sakewa, kwana da kwanaki. William Pfann ne ya fito da dabarar a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a farkon shekarun 1950. Ta bayyana mana cewa kowane datti da halinsa. Fosfaras yana bin narkakke ba gardama. Boron shi kuma baya yake komawa, ya taru a kai. Alminiyam ya fi kowa taurin kai, domin yakan haɗa kai da iskar oksijin ya ƙi motsawa, wani lokaci ma daga jikin kaskon yake fitowa. Saboda haka wankin kasko, da ruwan da aka wanke shi, da hannun da ya taɓa shi, duk suna cikin ilimin.

Mataki na biyu shi ne renon kansa, kuma asalinsa a nan Berlin ɗin yake. Jan Czochralski, mutumin Foland da aka haifa a 1885, yana aiki a kamfanin AEG a 1916. Ana ba da labarin cewa yana cikin rubutu sai ya tsoma alƙalaminsa cikin narkakken kuza maimakon tawada, da ya ɗago sai ga siririn zare na ƙarfe yana biye da bakin alƙalamin. Bai jefar ba. Ya bincika, ya gano zaren kiristal ɗaya ne, ya wallafa a 1918. Bayan shekara talatin Gordon Teal da John Little suka ɗauki hanyar suka yi amfani da ita a kan jamaniyam. Mafi yawan silikon da ke cikin wayoyinmu da kwamfutocinmu yau da wannan hanya aka ja shi.

Albarkacin malamin ɗan ƙanwata, na samu komawa da rana tsaka na leƙa tanderu yana aiki. Ta wata 'yar taga mai duhun gilashi, na ga narkakken jamaniyam, wanda sai zafi ya kai digiri 938 yake narkewa, yana kwance lumui kamar ba ya motsi. Daga sama aka sauko da ɗan guntun kiristal mai kyau, wanda suke kira iri, har bakinsa ya taɓa ruwan. Sai aka soma juya shi ana ja sama, a hankali ƙwarai, ido ba ya ganin tafiyarsa. Narkakken da ya manne masa yana daskarewa yana kwaikwayon jerin irin, sahu bayan sahu. Inda ruwa da tauri suka haɗu akwai wani siririn zobe mai walƙiya, kuma shi mai aikin yake kallo. In ya faɗaɗa, zafi ya ragu. In ya tsuke, zafi ya yi yawa. Mutumin da ke zaune a gaban tagar ba ya hira. Yakan dubi zoben, ya dubi allo, ya murɗa wani abu kaɗan, ya rubuta lokaci da adadi a littafinsa. Ko mota mai nauyi ta girgiza ginin, ko wuta ta ɗan yi ƙasa, sai an ga tabon a jikin kiristal.

A nan ne na ci karo da abin da ya fi komai zauna mini a rai. Akwai wani aibi da duk manomi zai gane. Idan ana huɗa, wani lokaci kunya ɗaya takan ƙare a tsakiyar gona, sai kunyoyin da ke dama da hagu su ɗan karkato su rufe wurin da ta tsaya. A kiristal ma haka ake samu: jeri ɗaya na ƙwayoyi ya tsaya a tsakiya, maƙwabtansa su lanƙwasa. Wannan gocewa tana tafiya a cikin kiristal kamar zare, kuma bambancin zafi tsakanin ciki da waje ne yake haifar da ita. Don a ƙirga ta, sai a yanko faifai daga kiristal, a goge shi har ya yi santsi, a tsoma cikin asid. Asid ya fi saurin cin inda jeri ya goce, don haka kowane zare yakan bar ɗan rami. An sa ni na leƙa ta madubin ƙara girma, na ga fili mai haske an yayyafa masa ɗigo-ɗigo baƙaƙe, wasu a warwatse, wasu sun yi layi. Wata ɗaliba tana gefe tana ƙirga su, murabba'i bayan murabba'i.

Masu silikon na kwamfuta ba sa son ko ɗaya. Tun ƙarshen shekarun 1950 William Dash ya nuna cewa idan aka ja wuyan kiristal siriri da sauri a farko, zaruruwan sukan fice ta gefe, jiki ya fito babu su. Amma masu jamaniyam na awon tururi, lokacin da Robert Hall a kamfanin General Electric da su Eugene Haller da William Hansen a Berkeley suke share fagen wannan sana'a a shekarun 1970, sun gano wani abin al'ajabi. Kiristal ɗin da aka rena cikin haidirojin ya fito babu gocewa sam, ba ya yin na'ura mai kyau. Dalili kuwa, a lokacin da yake hucewa akwai guraben da babu ƙwaya a cikinsu suna yawo, kuma zaruruwan nan su ne suke haɗiye su. In babu zare, sai guraben su haɗu bibbiyu, su kama haidirojin, su zama tarko mai riƙe lantarki. In kuma zaren ya yi yawa, shi da kansa ya zama tarkon. Abin da ake nema yana tsakani: daga kimanin 100 zuwa 10,000 a kowane murabba'in santimita, a warwatse daidai, ba cunkushe wuri ɗaya ba.

Da muka fito na ce wa ɗan ƙanwata, "Wato aikin nasu ba korar aibi ba ne baki ɗaya." Ya ce, "A'a Kawu, saninsa ne. Su san irinsa, su san yawansa, su san abin da ya kawo shi, sannan su riƙe linzaminsa. Kuma ko kiristal ya lalace ba a ɓoyewa. Yanka shi ake yi a duba, a rubuta." Wannan ne ya burge ni fiye da injunan. Inji kuɗi ke sayensa. Amma ɗabi'ar da za ta sa mutum ya shafe makonni yana tsarkake sanda, ya yini a gaban tanderu, sannan ya kawo faifan da ya tona asirin aikinsa ya ajiye a gaban abokan aiki, wannan sai an rene ta ita ma, shekara da shekaru. Na lura da yadda manyan masu digiri suke sauraron ma'aikatan tanderu da na wankin kasko, domin rabin ilimin a hannunsu yake, ba a littafi ba.

Sakamakon wannan haƙuri ya kai nesa. Kiristal ɗin silikon mai lamba 28 da aka sassaƙa ƙwallo da shi don ƙirga ƙwayoyin zarra, aikin da ya taimaka aka sake fayyace ma'aunin kilogiram a 2019, a wannan cibiya aka rene shi. Suna kuma cikin masu ƙoƙarin samar da jamaniyam mai tsarki domin gwajin LEGEND, wanda ake yi a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya, inda mita 1,400 na dutse ke bisa kansa, ana dakon wani irin rugujewar ƙwayar zarra da ba a taɓa gani ba. A wasu ƙasashen kuma ana fama da wani kiristal ɗin, haɗin kadmiyam da zinki da teluriyam, wanda ba ya buƙatar sanyi, don haka ya dace da na'urar hannu da injunan hoton zuciya a asibiti. Matsalarsa ɗigon teluriyam ne da kan maƙale a ciki, har ya zama wani sashe na abin da aka rena ne kawai yake amfanuwa.

Kafin na dawo na bi ta Dresden na je Freiberg, ƙaramin gari mai tituna na dutse a jihar Saxony, inda aka fara haƙar azurfa tun 1168. Makarantar haƙar ma'adinai ta garin an kafa ta a 1765, tana nan har yau. A 1885 aka haƙo wani sabon dutse a ramin Himmelsfürst, aka ba Clemens Winkler ya tantance abin da ke ciki. Ya samu azurfa, ya samu farar wuta, amma duk sanda ya haɗa lissafi sai ya ga kusan kashi bakwai cikin ɗari sun ɓace. Da wani ne da ya ɗora wa ma'auni laifi ya cike gurbin da alƙalami. Winkler ya ƙi. Ya bi sawun abin da ya ɓace wata da watanni, har a Fabrairun 1886 ya ware sabon sinadari, ya sa masa sunan ƙasarsa. Shi ne jamaniyam, kuma ya zo daidai da abin da Mendeleev na Rasha ya yi hasashe shekara goma sha biyar kafin nan. Halin da na gani a Adlershof, na gane cewa tsoho ne a ƙasar.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan al'amari ya yi mana nisa. A Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin tanderun nukiliya tun 2004, wanda a 2018 aka sauya masa makamashi zuwa yuraniyam marar ƙarfi sosai. Ana sa samfurin ƙasa ko hatsi ko dutse a ciki, a fito da shi a ajiye gaban na'urar jamaniyam, ta faɗi sinadaran da ke cikinsa. Ɗalibanmu na Katsina da yawa can suke kai samfurinsu. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, na'urorin hannu masu ɗan kiristal a ciki ne suka nuna wane tsakar gida ne ya gurɓace, har aka san inda za a kwashe ƙasa. Tarin yashin da aka bari a tsofaffin wuraren haƙar kuza na Jos yana ɗauke da toriyam. A arewa da mu, a Arlit ta Nijar, tun 1971 ake haƙar yuraniyam. A cikin birnin Katsina kuma, cibiyar kula da masu cutar daji da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya a 2025 tana nufin mun shiga sahun masu magani da haske mai ƙarfi, wanda rayuwar majinyaci ta dogara ga auna shi daidai. Jamaniyam ɗin ma Afirka tana da shi: ana fitar da shi daga tsohon tulin tokar ma'adinai na Lubumbashi a Kwango, a daidai lokacin da Sin, wadda ta fi kowa samar da shi, ta sa ƙa'idoji kan fitar da nata tun 2023.

Ba ina cewa gobe a kafa tanderun jamaniyam a Katsina ba. Wuraren da ke iya wannan a duniya 'yan ƙalilan ne, irin su Oak Ridge a Amurka da Olen a Beljiyam. Amma akwai matakan da ke hannunmu. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Jami'ar Al-Qalam, da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, za su iya haɗa ƙarfi su riƙe ɗakin awo guda ɗaya mai wutar da ba ta yankewa da injin yin ruwan naitirojin, su auna ruwan rijiyoyinmu da takin da ke shigowa kasuwanninmu da ƙasar wuraren haƙar ma'adinai. Za su iya ɗaukar ma'aikatan ɗakin gwaji da daraja, a biya su abin da zai zaunar da su shekara ashirin a kan na'ura ɗaya. Malamin sakandare kuwa ba ya buƙatar komai sai alif da ruwan zafi da zare da kofin gilashi. Ɗalibai su rataya iri, su jira mako biyu, su kwatanta wanda ya huce a hankali da wanda aka gaggauta, su rubuta abin da suka gani ko da bai yi kyau ba. Kuma rana ɗaya a shekara, jami'o'inmu su buɗe ƙofa ga 'yan Kofar Marusa da Kofar Guga da Rafindadi su shigo su ga abin da ake yi da kuɗin jama'a.

Garinmu ba baƙon irin wannan haƙuri ba ne. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi ya bar Katsina ya yi aikin Hajji, ya rubuta littafi a kan murabba'an lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yanzu. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Katsina a 1851 ya rubuta yabon Hausar mutanenta da ladabinsu. Kwalejin Katsina ta yaye waɗanda suka riƙe Arewa. Ƙwaƙwalwa muna da ita, yaranmu ma suna can a ɗakunan gwajin wasu ƙasashe ana yabonsu. Abin da ya rage mana shi ne mu gina wuraren da aiki zai daɗe a hannu ɗaya har ya nuna, inda mai faɗin cewa awonsa ya gaza da kashi bakwai zai samu ƙarin lokaci da kayan aiki, ba tsawa ba. Ranar da muka soma ƙirga aibin aikinmu da gaskiya muna rubutawa, ranar muka shiga wannan sana'a, ko da tanderun bai iso ba tukuna.